Ƙofar ma'aikata ta kowa ce: jawabi ga shugabannin kampanoni da wakilan sandikoki



Kowa ya san yadda ake samun aiki a wurare da dama na ƙasar nan. Kafin a dubi takardun yaro, sai an tambayi ɗan wane ne, daga wace jiha ya fito, kuma wa ya turo shi. Dangi, abokai da sanayya su ne ke cike gurabu, shi kuwa wanda ba shi da kowa sai ya yi ta zirga-zirga da takardunsa har takalmansa su ƙare.

Tarihi ya nuna abin da wariya ke haifarwa. Ranar 13 ga watan Mayu na shekarar 1991, matan Yamai suka fito kan titi domin mace guda kawai aka saka cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Sai da aka ƙara musu kujeru, daga baya kuma ranar ta zama ranar matan Nijar. A arewa, cikin koke-koken da suka rura wutar tawayen Abzinawa na shekarun 1990 har da rashin isasshen rabon ƴan yankin a ayyukan haƙar uraniyum na Arlit. An yi asarar rayuka kafin a sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga watan Afrilu na shekarar 1995.

Ba doka ce aka rasa ba. Dokar aiki ta shekarar 2012 ta hana mai ɗaukar ma'aikata ya duba jinsi, shekaru, asali, launin fata, addini, ra'ayin siyasa, naƙasa, ciwon sida, amosanin jini ko zama ɗan sandika wajen ɗaukar aiki, albashi, ƙarin girma ko kora. Tun shekarar 1993 kuma aka tanadi kashi 5 cikin 100 na gurabun aiki domin naƙasassu. Tambaya ita ce: kampanoni nawa ne za su buɗe littafinsu su nuna sun cika wannan kaso?

Wasu na cewa kampani ba gidan sadaka ba ne, riba yake nema. Gaskiya ne, amma ribar ce ke kira ga gyara. Bankin da ke Tawa ko Difa, in babu mai jin Fulatanci, Tamashek ko Barbarci a bakin tagarsa, ya kori makiyayi da kuɗinsa. Kampanin da ke sayar wa mata kaya, alhali babu mace ko ɗaya a zauren shawararsa, a duhu yake laluben kasuwa.

Gyaran kuwa ba ya buƙatar dukiya mai yawa. A riƙa shelar kowane gurbi a jarida da rediyo, har cikin harsunan ƙasa. Kwamiti ya gudanar da jarrabawa, a ɓoye sunayen masu nema har a gama ba da maki. Aiki ɗaya, albashi ɗaya. Macen da ta dawo daga hutun haihuwa ta tarar da kujerarta. A yi wa mai keken guragu hanya a bakin ƙofa, domin wanda aka ɗauka aiki amma matakala ta hana shi shiga ofis, ba a ɗauke shi ba. A kuma duba hawa na sama, gama ba adalci ba ne a tara wasu a shara da gadi, wasu kuma su gaje kujerun shugabanci.

Sandikoki ma da nasu laifin, in har shugabanninsu duka maza ne. Mai neman gyara a gidan wani, ya fara share nasa.

Kowane shugaba, in ya koma ofis, ya ɗauko jerin sunayen ma'aikatansa ya ƙirga: mata nawa, naƙasassu nawa, ƴan yankin da yake cin arzikinsa nawa. Badi war haka a sake ƙirgawa a gaban wakilan ma'aikata.

Allah ya ba da ikon yin adalci.