Kububuwar Duwatsun Farin Dutse: Tantance Jinsi Kafin Sayen Magani

 

Duk wanda ya yi noma a gindin duwatsun Farin Dutse, ko a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, ya san kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Hujjata ita ce, sunan da masana suka ba wannan ƙaramar macijiya shi ke nuna maganin da zai ceci wanda ta sara, kuma masu sayo mana magani ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba.

Shekaru da dama an ɗauka kububuwarmu da ta Indiya jinsi ɗaya ne, wato Echis carinatus. Da wannan suna David Warrell da abokan aikinsa na Zariya suka buga bincikensu a kan majinyata 115 a 1977. A 1970 wani masani mai suna Stemmler ya ware ta Afirka ta Yamma da sunan ocellatus, daga samfurin Garango a Burkina Faso ta yau. A 1972 wani masanin mai suna Roman ya bayyana mai farin ciki, Echis leucogaster, wadda ta fi zama a busassun wurare na arewa. Sai a 2018 Bafaranshen nan Jean-François Trape ya sake raba ocellatus, ya sa wa ta Chadi da Kamaru da arewacin Najeriya suna Echis romani.

Wani zai ce wannan gardamar malamai ce. To, a tambayi mutanen Ghana. Da aka sauya musu magani da wanda aka haɗa a Indiya daga dafin carinatus, mace-mace a wani asibitin karkara suka tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2008. Kwalba ta ce maganin dafin kububuwa ne, amma ba tamu kububuwar ba. EchiTAb-G da ake yi a Birtaniya da EchiTAb-Plus na Kosta Rika kuwa, daga dafin macizan Najeriya aka haɗa su, aka gwada su a kan mutum 400 a Kaltungo, aka buga sakamako a 2010. Duk da haka, har gobe ana ba da kwangila bisa araha, a karanta rubutun kwali, a sa hannu. Tun da maganin Fav-Afrique na kamfanin Sanofi ya ƙare a 2016 kasuwa ta cika da kwalaben da ba na kububuwarmu ba.

Yanzu ga siffofin kububuwa. Tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 30 da 50. Kanta gajere ne mai faɗi ta baya, wuya siriri, kuma saman kan duk ƙananan ɓawo ne masu kaushi, babu manyan faifai. Ƙwayar idonta tsagaggiya ce a tsaye. A gefen jiki akwai jerin fararen ɗigo, kowanne da baƙin zobe. Ɓawon gefen a karkace yake, da baki mai zarto. Idan ta ji motsi sai ta nannaɗe, ta riƙa goga jiki da jiki, ka ji ƙara kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya. Idan an kawo matacciya, a juya ta da sanda. Ciki mai ɗige-ɗige na ocellatus ne ko romani, fari tas kuwa na leucogaster ne. Ɓawon ƙarƙashin wutsiya jeri ɗaya ne.

Inda ake ruɗewa shi ne macijin nan mai shan ƙwai, Dasypeltis, wanda Trape da abokin aikinsa Mané suka fitar da sababbin jinsuna uku nasa a 2006. Launinsa kusan ɗaya da nata, idonsa a tsage, yana goga jiki ya yi ƙara irin tata, har ya kai sara da baki a buɗe. Amma ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su. Kansa ƙarami ne, kusan daidai da wuya, da manyan faifai a sama, ɓawon ƙarƙashin wutsiya jeri biyu. Duk kwalbar da aka ɗura wa wanda wannan ya firgita, an hana ta wani manomi da jini ke zuba daga dasashinsa. Akwai kuma Causus mai zagayayyar ƙwayar ido, wanda saransa kumburi ne, da ɗan baƙin nan na cikin ƙasa, Atractaspis, da ba a kama shi ta wuya domin ta gefe yake soka haƙori. Kasa da kumurci kowa ya san su.

Ba ina cewa a aika yara farautar maciji cikin karan dawa ba. Idan ba a ga macijin ba, a ɗebi jinin majinyaci a busasshiyar kwalbar gilashi, a ajiye minti 20; in bai daskare ba, a wannan yanki zargin farko kububuwa ce. Ba wutar lantarki ake bukata ba, balle janareta. Idan babu magani, saranta na kashe kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma a kwarin Binuwai an taɓa ƙirga sara 497 cikin mutum 100,000 a shekara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta kuma yi alkawari a 2019 na rage mace-mace da rabi kafin 2030. Jami'anmu sun iya maimaita waɗannan shekaru a wajen taro. Abin da nake nema bai kai kuɗin taro ɗaya ba: duk macijin da 'yan'uwan majinyaci suka kawo a kashe, a sa shi a kwalbar sifirit, a rubuta ƙauye da kwanan wata, a aika Jami'ar Tarayya ta Dutse ko cibiyar Farfesa Abdulrazaq Habib a Jami'ar Bayero. A liƙa hoton kai da na ciki a kowane ƙaramin asibiti daga Farin Dutse zuwa Birnin Kudu kafin cirar gyaɗa. Kuma kada a sake biyan kuɗin maganin da ba a rubuta ocellatus ko romani a jikinsa ba.