Jawabi a Bikin Naɗin Sarkin Daji

  

Rawanin da aka naɗa yau na amanar itatuwa ne, kuma amanar ta girmi kowa a wannan fili. Kakanninmu ba su san gona tsirara ba. Sun bar gawo a tsakiyar gero, domin da damina yake zubar da ganye, ya taki ƙasa bai tare wa shuka rana ba, da rani kuma 'ya'yansa su riƙe dabbobi. Ɗorawa ta ba mu daddawa, kaɗanya ta ba mu mai, kuka ta ba mu miya, da ganyen magarya muke wanke mamatanmu. Sarakunan Damagaram hukunci mai tsanani suka ɗora wa wanda ya sare gawo.

To me ya sauya? A 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar gandun daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da suka mulka, itace ya koma ƙarƙashin hukuma. Manomi ya ga tsiron gonarsa tara zai jawo masa, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya tarar da gonaki a buɗe, iska tana binne shuka da rairayi.

A yankin Maraɗi aka fara gyara, da abin da manoma ke kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne: kututturen da ke raye a ƙasa ake bar wa rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Da manomi ya tabbatar itacen nasa ne, aka farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Ranka ya daɗe Sarkin Daji, nan aikinka yake. Kada talaka ya san ka da karɓar tara kawai. Ka tabbatar wa mai gona haƙƙinsa, ka shata wa makiyayi inda zai sassabo ganye ba tare da kashe uwar itacen ba, ka zauna da masu gawayi, ka saurari matan da ke tsintar kaɗanya, don su suka fi sanin itacen da ya fara ciwo.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.