Alƙiblar Lantarkin Zuciya: Yadda Likita Ke Karanta Takardar ECG



Da yawanku kun taɓa kwanciya a asibiti aka manna muku wayoyi goma, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, daga nan na'ura ta fito da takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Wani sa'in na'urar kan buga da Turanci cewa alƙiblar zuciya ta karkata hagu ko dama, sai mutum ya koma gida ya kasa barci. A kan wannan alƙibla zan yi magana.

Kowane bugu na zuciya lantarki ne ke tayar da shi. Yana tasowa daga ɗakin sama na dama, ya gangara ya bazu cikin ɗakunan ƙasa biyu. Da yake naman ɗakin hagu ya fi kauri, shi ke rinjaye, don haka akasarin lantarkin yakan nufi ƙasa ta ɓangaren hagu. Wannan ita ce alƙiblar. Willem Einthoven na ƙasar Holan ne ya aza harsashin auna ta. A zamaninsa sai majiyyaci ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Ya samu lambar yabo ta Nobel a 1924.

To, yaya likita ke gane ta? Ku ɗauka mutum biyu ne ke kallon garken shanu, ɗaya a gabas, ɗaya a kudu. In kowannensu ya ce shanun na nufo shi, kun san garken ya yi kudu maso gabas. Haka layukan takardar suke. Layi na I yana kallo daga hannun hagu, wanda aka ba digiri 0. Layin aVF kuma yana kallo daga ƙafa, digiri +90. Idan lantarki ya nufo layi, zanen ya cilla sama. Idan ya ba shi baya, ya nutse ƙasa.

In duka biyun sun tashi sama, alƙibla daidai take. In layi na I ya nutse, aVF ya tashi, ta karkata dama. In kuwa na I ya tashi, aVF ya nutse, a nan ake gane likita mai haƙuri: sai ya nemi shaida ta uku, wato layi na II. In shi ma ya nutse, an tabbatar ta karkata hagu. In ya tashi, ba ta fita daga iyaka ba, domin iyakar lafiya ga baligi daga −30 ce zuwa +90.

Karkatar ba ita ce cutar ba, manuniya ce kawai. Juna biyu da teɓa kan tura zuciya ta kwanta hagu. Dogo siriri kuma tasa kan miƙe tsaye, jariri sabon haihuwa kuwa dama tasa ke kallo, kuma lafiyarsa ƙalau. Amma karkata hagu na iya nuna toshewar wata hanyar lantarki, ko tabon bugun zuciya da ya wuce, ko naman da hawan jini ya kaurara. Karkata dama kuwa takan biyo bayan ciwon huhu da ya daɗe, ko gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, wanda ba ya jiran gobe. Mai numfashi da ƙyar ko ciwon ƙirji, kada ya tsaya nazarin takarda.

A ganina, kada ku amince da hukuncin na'ura sai likita ya sa ido. Ko musanya wayar hannun dama da ta hagu kaɗai na iya sa takardar lafiyayye ta nuna karkata dama. Kuma ku adana tsohuwar takardarku, ku tafi da ita duk lokacin da za a sake gwajin, domin alƙiblar da ta sauya tsakanin bara da bana ta fi wadda aka haifi mutum da ita ɗaga hankalin likita.