Mu Auna Kacalla Kamar Yadda Muke Auna Hatsi

 

Jama'a, mu 'yan kasuwa ne. Ba mu sayen gero sai mun sa mudu. To don me in mun je kukan kacalla gaban hukuma ba mu da abin faɗi sai "ta yi yawa"? In aka ce nawa ta ci, sai mu yi tsit.

Asalin abin dai sananne ne. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ya zamana ruwa yana saukowa rani da damina, fadama ta daina bushewa yadda ta saba. Ita kuwa kacalla haka take so. Saiwarta na rarrafe ƙarƙashin laka, iska na kwasar irinta. Ta toshe hanyoyin ruwa, har da Marma mai shiga tafkin Nguru, ta cinye gonakin shinkafa, jan-baki ya sami wurin kwana. Wasu ruwa ya ci gonarsu, na Gashuwa kuma bai ishe su ba. In manomi da masunci suka rasa, wa zai zo rumfarmu?

Masana suna auna irin wannan da hoton jirgin sama da na tauraron ɗan'adam. Amma a ƙasa kayan aikinsu turke ne da igiya. A kafa turke a bakin ciyawar, a ja igiya mai mita 100, a duba mita nawa ta rufe, a rubuta da kwanan wata. Baɗi war haka a koma turken nan, ba wani ba. Abin da ya ƙaru, shi ne cinta na shekara.

'Yan'uwanmu na Kumagannam, naku akasin namu ne: ciyawa ke ja da baya, rairayi na biyo ta. Amma awon ɗaya ne. Ku kafa turke a gindin tudun rairayi, ku duba inda ƙarangiya da kaba suka tsaya.

Shawararmu ita ce ƙungiya ta sayi littafi guda, kowace unguwa ta ba da yara biyu masu boko, a fara da kakar bana. Ran da za mu koma gaban hukuma, mu tafi da lissafi a hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.