Awon ƙwaya kafin a ba talaka tallafi: daga wa za a fara?



Maganar da ta tara jama'a a yau ba a Yamai aka haife ta ba, amma duk mai zama fada ko rumfar kasuwa ya taɓa jin irinta. Da zarar an ce gwamnati za ta raba wa mabuƙata kuɗi, sai wani ya gyara zama ya ce ai rabinsu a wurin mai tiramol za su ƙare, don haka a auna fitsarin kowa tukuna, wanda aka samu da ƙwaya a jikinsa a hana shi. Mai wannan magana ba mugu ba ne. Sau da yawa ɗan kasuwa ne da ya biya haraji da kuɗin duwan da guminsa, ko kuwa ma'aikaci ne da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya lalace a gaban idonsa. Ya cancanci a ba shi amsa da hujja, ba da tsawa ba.

To, akwai waɗanda suka riga suka gwada abin. A Amurka, dokar gyaran tallafi da shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996 ta ba jihohi damar auna masu karɓar taimako. Jihar Mishigan ta fara a 1999, kotu ta tsayar da ita cikin ƴan makonni. A 2011 gwamnan Fulorida, Rick Scott, ya sake ɗauko zancen, aka ce duk mai neman tallafin iyali sai ya biya kuɗin awo daga aljihunsa, wajen dalar Amurka 30, in an same shi lafiya lau a mayar masa. Cikin wata 4 an auna mutum 4,086. Waɗanda aka samu da ƙwaya 108 ne, wato kashi 2.6 cikin ɗari, akasarinsu kuma tabar wiwi ce. Kuɗin da jihar ta mayar wa sauran ya haura dalar Amurka 118,000, ya fi abin da ta tsimi ta hanyar hana waɗancan 108 ɗin. Wani tsohon sojan ruwa mai renon ɗansa shi kaɗai, Luis Lebron, ya ƙi yarda a auna shi, ya kai ƙara, alƙalai kuma suka ba shi gaskiya har a kotun ɗaukaka ƙara a 2014: talauci ba dalilin zargi ba ne, hukuma ba ta da ikon binciken jikin mutum don kawai ya miƙo hannu. A Ostireliya ma gwamnati ta kawo irin wannan shawara a 2017, majalisar dattawa ba ta amince ba.

Kusa da gida, Kano ce ta fi matsowa ga wannan tsari. Ba a banza ba: binciken da aka yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2018 cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun sha wani abin maye wanda ba giya ko taba ba cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnatin ƙasar ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Da gwamnatin Kano ta ɗaurar da auren gata na ango da amarya 1,800 a 2023, da gado da katifa da ɗan jari, hukumar Hizba ta sa an yi musu awon lafiya, har da na ƙwaya. Sai dai aure daban, abinci daban. A aure akwai ƴar mutane da za a damƙa wa wani, tana da haƙƙin sanin halinsa, kuma wanda aka ɗage wa ɗaurin aure ba zai kwana da yunwa saboda haka ba.

A Nijar fa, wa za a auna? Shirin tallafin da gwamnati ta ƙaddamar a 2011 tare da Bankin Duniya, ƙarƙashin ofishin Firaminista, ya fara ne a jahohin Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Jika 10 aka riƙa ba gida a wata, tsawon wata 24, kuma a hannun mace aka riƙa sa su. Masu bincike da suka bi sawun kuɗin sun tarar da su a hatsi, da awaki, da adashin mata. Ba Nijar kaɗai ba: a 2014 wasu masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, ba su ga inda tallafin kuɗi ya ƙara sayen giya ko taba ba. Ke nan, in an ce a auna mai karɓa, uwar ƴaƴa ce ta ƙauye za a miƙa wa kwalba a gaban mai gari da surukanta. Wanda ya san kunyar matan ƙasar nan ya san da yawa za su gwammace su bar kuɗin. In kuwa ɗanta ne ko mijinta ke shan ƙwayar, awon bai gan shi ba. In kuma an ce a auna gida duka, a yanke tallafi saboda mutum guda, to yaran da ba su san komai ba su ne za a rage wa fura.

Shi kansa awon ba annabi ba ne. Ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari yana ganin wiwi kwanaki da yawa bayan an sha, wani lokaci makonni, alhali giya takan ɓace cikin sa'o'i. Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne, awon da aka saba yi na dangin ofiyom ba ya kama tiramol, sai an sayo nasa na musamman. Tiramol kuwa shi ne ciwon da ke damun unguwanni. Lokotoro yakan rubuta mai ƙarfin 50 ko 100, amma wanda ake talla a kan faranti yakan kai 200 ko 225. Kuma tsinken yana kuskure, wasu magungunan asibiti sukan ruɗe shi, sai an tabbatar a babban ɗakin awo. Matar da ke bayan Dakwaro, wa zai kai fitsarinta Yamai, wa zai biya, ina za ta kai kuka in an yi mata ƙazafi?

Akwai kuma abin da ƴan kasuwa suka fi kowa sani. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a Katako tun asuba, da ɗan ga-ruwa, da ɗan kabu-kabu, waɗanda ke haɗiyar ƙwaya a cikinsu ba da kuɗin tallafi suke saye ba, da kuɗin aikin suke saye, don su iya aikin gobe. Wannan ba uzuri ba ne, cuta ce mai farfaɗiya da mutuwa a ƙarshenta, magani take buƙata. Kuɗin da za a zuba a tsinkayen awo, da an ba ɓangaren masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai da likitocin jahohi, da an ga amfaninsu.

Ma'aikata kuma su tuna shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin wata da watanni bai fito ba, aka kuma karya darajar sefa a Janairun 1994. Da a ran nan wani minista ya ce sai an auna fitsarin malamin makaranta kafin a biya shi bashinsa, da ƙungiyoyin ƙwadago sun rufe gari. Za a ce albashi ladan aiki ne, tallafi kuwa kyauta. Gaskiya ne. Amma baitulmali ɗaya ne, kuma masu cin moriyarsa ba talakawa kaɗai ba ne: akwai masu kwangila, akwai masu samun sassaucin duwan, akwai masu motar ofis. Gwamnatin Kano a zamanin Ganduje ta sa an auna masu riƙe da muƙaman siyasa, wannan aƙalla ya fara daga sama. A Amurka kuwa, ɗan majalisa Trey Radel na Fulorida ya jefa ƙuri'ar a auna masu karɓar tallafin abinci a 2013, kafin shekarar ta fita kotu ta same shi da laifin mallakar hodar ibilis, ya sauka daga kujerarsa a farkon 2014.

Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, tana da hukumar OCRTIS mai farautar masu fataucinsu, kuma abin da hukumar ta kama yana nuna inda kuɗin suke. A watan Maris na 2021 an gano tan 17 na ƙullin wiwi a wani sito a Yamai, kaya ne da suka biyo ta Lome za su Libiya. A Janairun 2022 kuma an tare kilo 214 na hodar ibilis a jahar Agadas, a cikin motar da magajin garin Fashi yake ciki.