Jawabin Shugaban Sashen Ɗaukar Hoto a Bikin Ƙaddamar da Na'urar CT da Aikin Leƙa Mafitsara ta Kwamfuta

 

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, Mai girma Kwamishinan Lafiya, Shugaban wannan asibiti da 'yan majalisarsa, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu masu daraja, abokan aikina likitoci da ma'aikatan jinya da masu ɗaukar hoto, 'yan jarida, sauran jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na'urar da muka taru dominta yau za ta ɗauki hoton kai da ƙirji da ciki da ƙashi. Amma na nemi izinin shugabanni in taƙaita maganata a kan mafitsara, domin a ƙasar nan gaɓa ce da ke cin rayukan magidanta ba tare da an cika ambatonta ba.

Tun shekarar 1879, lokacin da likitan nan na Jamus, Max Nitze, ya gabatar da madubinsa, hanyar ganin cikin mafitsara guda ce: a zura siririn bututu mai fitila ta mafitar fitsari, likita ya duba da idonsa. Har gobe ita ce uwa. Sai dai akwai zafi, akwai kunya, wani lokaci sai an shiga ɗakin tiyata an yi wa mutum allurar kashe zafi. Akwai kuma waɗanda bututun ba ya wuce musu, saboda hanyar ta ƙanƙance ko furostat ya kumbura. Wani kuma jini ne ke zuba har ya rufe wa likita gani.

An fara ɗaukar hoton maras lafiya da na'urar CT a Landan a 1971, aikin da ya jawo wa Godfrey Hounsfield da Allan Cormack kyautar Nobel a 1979. A 1996 David Vining da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa za a iya leƙa mafitsara da hotunan wannan na'ura. Ga yadda abin yake. Ana sa wa maras lafiya ƙaramar robar fitsari, a kwashe fitsarin duka, a hura iska kimanin mililita 300 zuwa 500 har mafitsarar ta buɗe. Sai a ɗauki hoto yana rigingine, a sake ɗauka yana rub da ciki, don kada ragowar fitsari ya ɓoye wani tsiro. Ɗaukar kanta ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Idan roba ba ta shiga ba, ana yin allurar ruwan hoto ta jijiya, a jira ƙoda ta tace shi ya cika mafitsarar. Daga nan kwamfuta ta harhaɗa ɗaruruwan siraran hotuna, likita ya zauna gaban allo yana zagaya cikin mafitsarar, ya juya gabas ya juya yamma, ya duba wuyanta da lungunan da bututu ke wahalar kaiwa. Ƙari a kan haka, hoton yana nuna kaurin bangon mafitsara da abin da ke bayansa: ko tsiron ya huda ya fita, ko ya toshe magudanar ƙoda, ko ƙwayoyin kaluluwa sun kumbura. Wannan kuwa madubin Nitze ba ya iya ganinsa.

Ya zama wajibi in faɗi iyakarta a gaban Mai Martaba, don kada gobe a ce mun yi alkawarin abin da ba mu da shi. Kwamfuta tana ganin tudu da kwari, ba ta ganin launin fata. Akwai ciwon dajin da ke shimfiɗe a bangon mafitsara bai yi tsiro ba, wanda jan da wurin ya yi ne kawai alamarsa. Wannan yana wuce mata. Tsiron da bai kai milimita 5 ba ma yana iya kuɓuce mata. Ba ta yanko tsoka a kai ɗakin gwaji, alhali ba a yanke hukuncin ciwon daji sai an duba tsoka a madubin likita. Sannan akwai hasken eksire da jiki ke sha, don haka ba a yi wa mai juna biyu, kuma ba a maimaita shi don marmari. Duk wanda aka ga masa tsiro a nan, wurin abokanmu likitocin mafitsara za mu miƙa shi. Ina roƙon matasan likitocinmu su riƙe wannan da kyau.

Ranka ya daɗe, alƙaluman duniya na 2020 sun nuna mutum kusan 573,000 ne suka kamu da ciwon dajin mafitsara a shekarar, kusan 213,000 suka rasu, mafi yawansu maza. A Turai da Amurka taba sigari ce kan gaba wajen jawo shi, sai sinadaran masana'antu irin na rini. Mu a nan muna da taba, muna kuma da tsargiya. Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, kuma a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Yaro ya shiga kududdufi ko rafi ko magudanar noman rani inda dodon koɗi ke zaune, tsutsar ta huda fatarsa, ta girma, ta riƙa zuba ƙwai a bangon mafitsara. Shekara da shekaru wurin yana miki yana warkewa, har wata rana ya rikiɗe. A hoton CT muna ganin tabon wannan tarihi, bangon mafitsara ya yi fari saboda ƙwan da suka daskare a cikinsa. Likitocin Sakkwato da Kano da Zariya sun daɗe suna ba da rahoton cewa nau'in ciwon dajin da ke bin tsargiya yana da yawa cikin marasa lafiyarsu, kuma yawanci ba sa zuwa sai ya ci ƙarfinsu. Madatsun Tiga da Bakalori da Goronyo sun ciyar da mu shinkafa da alkama da tumatir, alheri ne babba, amma manomi da masunci da ke wuni cikin ruwan su ne suka fi shiga haɗari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun saba da fitsarin jini. A wasu ƙauyukanmu ana ɗaukarsa alamar yaro ya fara zama namiji. Shi ya sa dattijo ɗan shekara 50 zai ga jini a fitsarinsa, babu zafi, ya ce tsohuwar tsargiyarsa ce ta motsa. Ya sha jiƙo, jinin ya ɗauke, ya gode wa Allah. Ɗaukewar nan kuwa ɗabi'ar ciwon ce, zuwa yake yana komawa. Bayan watanni a kawo mana shi ƙoda ta toshe, jini ya ƙare. A wannan mataki na'urar nan ba abin da za ta yi illa ta auna mana girman asarar. Mata kuma kunya ke hana su faɗa, wasu su ɗauka jinin al'ada ne. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun tanadi ma'aikata mata domin iyayenmu da 'yan'uwanmu mata.

Mai girma Kwamishina, mun gode da wannan ɗawainiya. Na'ura irin wannan tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi da injiniya na kusa da yarjejeniyar gyara da ake biya a kan lokaci. Muna roƙon a sa waɗannan cikin kasafi tun bana, a kuma sanya wannan gwaji cikin tsarin inshorar lafiya, don kada kuɗin hoto ya kori manomin da aka sayo na'urar dominsa. Muna roƙon a ƙara ƙarfafa rabon maganin tsargiya a makarantun boko da na allo, da samar da rijiyoyin burtsatse a garuruwan bakin ruwa.

Iyayenmu hakimai da dagatai da limamai, muryarku ta fi tamu nisa. Ku gaya wa jama'a a masallaci da kasuwa da wurin suna cewa duk babban mutumin da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ya zo asibiti a cikin makon.

Allah ya ja zamanin Sarki, a madadin ma'aikatan wannan sashe ina roƙon ka sa mana albarka, ka yanke ƙyallen buɗe wannan ɗaki.