Ƙwayar masara idan ta sha ruwa

Busasshiyar ƙwayar masara rumbun sitaci ce a kulle. Da ta sha ruwa, ɗan tsiron ciki sai ya saki sinadarin jibaralin, wanda ke sa siririyar fatar da ta kewaye sitacin ta ƙera amiles. Amiles ɗin nan shi ke farfasa sitaci ya koma sukari. Daga nan mitokondiriya, ƙananan sassa cikin ƙwayoyin halitta, su ƙona sukarin, saiwa ta samu ƙarfin huda ƙasa. Mai kunun zaƙi da ke zuba garin tsiro, kunu ya tsinke ya yi zaƙi, da amiles take aiki. Sai dai ƙona sukarin da mitokondiriya ke yi yana buƙatar iska. Manoma, kada ku shuka masara inda ruwa ya kwanta, irin ruɓewa zai yi.